Kafin ka je Matan Fada, ka biya Gidan Tarihi na Kanta

Assalamu alaikum masu kallo. Yau muna Argungu, a jihar Kebbi. Da an ambaci garin nan, abin da ke zuwa zuciyar kowa shi ne bikin kamun kifi: dubban masunta da homa da gora, sun yi tsalle cikin kogin Matan Fada suna farautar giwan ruwa. To amma kusa da babbar kasuwar garin akwai wani tsohon gida da baƙi da yawa ke wucewa ba su leƙa ba, kuma a ganina wanda bai shige shi ba, rabin Argungu kawai ya gani.

Wannan ginin da kuke kallo fada ce a da. Nan sarakunan Kabi suka zauna tun ƙarni na 19, har 1942 da aka koma sabuwar fada. A 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, aka sa masa sunan Muhammadu Kanta.

Wane ne Kanta? Jarumi ne da ya taya Askiya na daular Songhai yaƙin Agadas. A hanyar dawowa suka ɓata a kan rabon ganima, sai Kanta ya yi tawaye wajen 1515, ya tsayar da Kabi da ƙafafunta. Ya gina birninsa a Surame, kuma har gobe kufan ganuwarsa na nan. Bayan ɗaruruwan shekaru, a 1805, rundunar jihadi ta ci Birnin Kebbi. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattara a Argungu, suka shafe kusan dukan ƙarnin suna fafatawa da Sakkwato da Gwandu.

Yanzu mu shiga ciki. Ɗakuna goma sha ɗaya ne, kuma abin da ya fi yawa kayan yaƙi ne. Ga masu, ga takubba, ga kwari da baka, ga bindigogin gargajiya, ga layu, ga tambura. Kada ka yi saurin wucewa. Tsaya a gaban mashi ɗaya ka dubi inda hannu ya goge ƙotar. Wani ya riƙe shi ranar da bai san ko zai koma gida ba. Layun nan kuma suna gaya maka cewa mayaƙin wancan zamani, komai jarumtarsa, yana jin tsoro kamar kowa, yana neman tsari.

A nan ne bikin kifi ke samun ma'anarsa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa gagarumin su don karrama shi, alamar an binne tsohuwar gaba. Daga nan bikin ya samo siffar da muka sani, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wanda ya fara ganin takubban nan kafin ya gangara bakin ruwa, da wani ido zai kalli masuntan.

Abu ɗaya da nake roƙo: a cikin gidan nan akwai kushewun sarakuna. Kakannin mutanen garin ne kwance a wurin. Ka sassauta murya, ka yi musu addu'a, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya don ɗaukar hoto.

Kuma ka yi hira da mai kula da gidan. Tambaye shi, "Baba, wannan tambarin yaushe ake buga shi? Wannan takobin na wa ne?" Yawancin labarin yana bakinsa, takardar da aka manna a bango ba ta ɗauki komai ba. Idan da hali, taho da yaranka, ka bar su su yi tambayar da kansu. Ku zo da hantsi kafin rana ta yi zafi, daga nan sai ku gangara Matan Fada.