Jawabin Maraba ga Shugaban Majalisar Gudanarwa ta Bankin Gama Kai

Ranka ya daɗe Shugaba, da 'yan rakiyarka, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. A madadin kwamitin reshe da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya muna yi maka lale marhabin. Aikinka ya riga ka isowa: rassa sun ƙaru a hannunka, ajiya ta yi kauri, sunan banki ya kai inda ba mu zata ba. Allah ya ƙara girma.

Kafin mu yi nisa, ga kukanmu: a dawo wa kwamitin reshe da ikon amincewa da ƙananan basussuka.

Ranka ya daɗe, wannan reshe ya girmi hedkwata. Iyayenmu ne suka kafa shi da littafin ajiya ɗaya da akwatin ƙarfe, lokacin da manyan bankuna ba sa ko amsa sallamar wanda ba shi da takardar jingina. Jinginarsu ita ce sanin juna. Kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan jarinsa, kuma wanda ya ci bashi ya san kuɗin maƙwabcinsa ne, shi ya sa yake biya. Abin da Raiffeisen, jagoran kafa bankunan gama kai na karkara, ya gina a Heddesdorf ta Jamus a 1864 ke nan, har ya taƙaita kowace ƙungiya ga yanki ƙarami don mambobi su san halin juna. Da aka zo maganar haɗe mu cikin wannan babban banki ba mu yi gardama ba, muka miƙa littattafanmu da zuciya ɗaya.

Yau fa? Mamba ya cika fom, a tura hedkwata, kwamfuta ta auna shi, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba ya yanke hukunci. Kafin amsa ta dawo, buƙatar ta wuce. Akwai dattawan da suka yi shekaru suna ajiya ba su taɓa saɓa alkawari ba, aka ce makinsu bai kai ba. Wannan ya yi mana ciwo ƙwarai.

Mun san girma na zuwa da doka da sa ido, ba ma ƙin haka. Amma bankin gama kai na Crédit Agricole a Faransa, duk girmansa, har yau yana tsaye a kan bankunan yanki 39. Rabobank na ƙasar Holland ma, da ya haɗe ƙananan bankunansa 106 a 2016, bai rushe majalisun mambobi ba.

Muna kuma roƙon a daina sauya mana manaja da zarar ya fara sanin mutane, a ba mu kujera a majalisar gudanarwa. Amma in ɗaya za ka ɗauka, ranka ya daɗe, to ikon rancen nan. A sa mana iyaka, a turo masu binciken lissafi duk lokacin da aka so, mu ne za mu bi bashin. Ga takardarmu da sa hannun mambobi, muna fatan jin amsa kafin babban taron shekara.

Allah ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Reshe