Mitar awon lantarki ta ce wuta ta kai, amma jirgi ya tsaya: me ke faruwa?

Ku duba wannan kan jirgin ƙasa na kwaikwayo a bidiyon nan, mai shan wutar lantarki daga dogo. Yana tafiya lafiya lau, ya wuce kwana, ya shiga miƙaƙƙen layi, sai ga shi ya fara tangaɗi, fitilarsa na ƙiftawa, ya tsaya cak. A taɓa shi da yatsa, ya tashi. Zagaye na gaba, a nan dai zai sake tsayawa.

Tambayar da ta cika mana wajen sharhi a 'yan makonnin nan ke nan, kuma kusan kowa da kalmomi iri ɗaya yake yin ta: "Na goge dogo, na sa mita, ta nuna mini bolt 18 a ko'ina, to ba injin ne ya mutu ba?" Wasu har sun sayi sabon inji. A mafi yawan lokuta injin nan lafiyarsa ƙalau. Yadda aka yi awon ne bai dace ba, kuma a kan wannan za mu daɗe yau.

Ga wanda ya shigo sabo, manyan jiragen ƙasa na kwaikwayo muke magana, masu tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 45, waɗanda ake shimfiɗa wa layi a lambu. Kamfanin Lehmann na birnin Nurembag a Jamus ne ya fito da samfurin jiragen da ake kira LGB a 1968, a ma'aunin 1:22.5, kuma tun 2007 sunan yana hannun kamfanin Märklin. Akwai na 1:29, akwai na 1:20.3, akwai na 1:32, duk a kan faɗin dogo ɗaya. Abin da za mu nuna ya shafi duk wanda ke shan wuta daga dogo.

Hanyar wutar ga ta a allo. Daga taransifoma zuwa waya, daga waya zuwa ƙarfen dogo, ta tsallake mahaɗa bayan mahaɗa, ta hau taya ko takalmin da ke goga saman dogo, ta bi ta kabon, wato ɗan guntun da ke goga bayan taya yana ɗaukar wuta, ta shiga inji, sannan ta komo ta ɗaya ƙarfen. Ku lura da mahaɗan nan, wato 'yan ƙarafan da ke haɗa guntun dogo da na gaba. Duk inda guntaye biyu suka haɗu akwai mahaɗa biyu, ɗaya a kowane ƙarfe. Layin zagaye da aka haɗa da guntaye arba'in yana da mahaɗa tamanin, kuma kowace ɗaya tana kwana a waje, rana ta doke ta, ruwa ya jiƙa ta.

To, ga awon da kowa ke yi. An cire jirgi, an buɗe wuta, an ɗora tsinken mita ɗaya a wannan ƙarfe, ɗaya a wancan. Bolt 18. A matsa gaba, 18. A je daidai inda jirgin ke tsayawa, 18 cif.

Ku tsaya a nan.

Mita irin wannan kusan ba ta shan wuta. Turjiyar da ke cikinta ta kai om miliyan 10, don haka a bolt 18 abin da ke bi ta cikinta bai kai kashi biyu cikin miliyan na amfiya ɗaya ba. Kan jirgi kuwa, da taragai a bayansa da fitilu da na'urar hayaƙi, yana iya jan amfiya ɗaya, biyu, wani mai inji biyu a kan hawa ya wuce haka. Wutar da ke salwanta a mahaɗa kuma lissafinta ɗaya ne: turjiyar mahaɗar sau yawan amfiyar da ke wucewa. A ce mahaɗa ta lalace har ta kai om 3. Mita ta zo, ba ta ja komai ba, ba abin da ya salwanta, ta rubuta 18. Jirgi ya zo ya ja amfiya 2, bolt 6 sun tafi a wannan guri kaɗai. Saura 12. In akwai wata lalatacciyar a gaba, sai ku ga abin da kuka gani a farkon bidiyon nan.

Ku ɗauka tiyo ne da wani abu ya toshe rabinsa. Muddin bakin a rufe yake, in ka matsa shi za ka ji ya cika tam har ƙarshe. Sai ka buɗe ne za ka ga ruwan na ɗiga. Awo ba tare da lodi ba, wato ba tare da abin da ke jan wuta ba, matsa tiyo ne da baki a rufe.

Saboda haka sai an ɗora wa layin lodi. Abin da muke amfani da shi ga shi: ƙwan fitilar babbar mota, mai bolt 24 da wat 21, an like masa wayoyi biyu da dalma, kowace da maƙali a bakinta. Yana jan abin da ya kusa amfiya ɗaya. Kada a sa na ƙaramar mota mai bolt 12, zai iya ƙonewa. Kuma yana zafi sosai, a riƙe shi ta waya.

A fara kusa da inda wayar taransifoma ta shiga dogo. A maƙala ƙwan a ƙarafan biyu, a sa mita a gefensa, a rubuta lambar. Ita ce ma'auninku. Yanzu a matsa guntu ɗaya, a sake. Guntu ɗaya, a sake. Lambar za ta riƙa sauka kaɗan-kaɗan, wannan ba komai, ƙarfe ma yana da tasa turjiyar. Abin da ake nema shi ne faɗuwa ta lokaci ɗaya.

Ku kalli ƙwan. Kun ga yadda ya dushe? Tsakanin wancan guntu da wannan matsalar take.

Wata dabara da ake yawan mantawa: in layin zagaye ne, wuta tana iso wa kowane guri ta hannu biyu, don haka lalatacciyar mahaɗa guda tana iya ɓuya, wutar ta zagayo ta baya. A raba zagayen a wuri mafi nisa da taransifoma kafin a fara, a auna kowane ɓangare shi kaɗai.

Saura a gane wane ƙarfe ne, na ciki ko na waje. A bar ƙwan yana ci a can gaba da mahaɗar. A sauke mita zuwa ƙaramin ma'auni, a ɗora tsinkayen biyu a kan ƙarfe guda, ɗaya kafin mahaɗa, ɗaya bayanta, tazarar yatsu uku. Mahaɗa mai kyau za ta nuna kusan sifili. Wadda ta nuna rabin bolt, ko bolt ɗaya, ita ce. A ganina wannan awon shi ya fi kowane amfani a duk harkar, don yana nuna maka wurin da yatsa, ba zato. Wani lokaci ma in ka taɓa mahaɗar za ka ji ɗumi.

Masu layin dijital, wato DCC, mita ta gama-gari ba ta karanta wutarku daidai, saboda siffarta daban ce da wutar gida. Kada ku damu da ainihin lambar. Ku sa mitar a ɓangaren AC, ku kwatanta guri da guri. Ƙwan kuwa ba ruwansa, yana ci a kowane iri.

Me ya lalata mahaɗar tun farko? Tagullar da ake yin dogon da ita tana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.019 a kowace mita ɗaya ga kowane digiri ɗaya. Dogo mai tsawon mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 30 tsakanin asuba da tsakar rana, zai motsa kusan milimita 6. Kullum yana shiga yana fita, hannun mahaɗar ya saki, ƙura da danshi su shige, cikin ya yi baƙi. Daga sama ba a gani. Shi ya sa wanda ya goge saman dogo har yana ƙyalli bai taɓa inda ciwon yake ba.

Gyaran ba wuya. A zare mahaɗar. A goge gindin ƙarfen da gefensa, inda mahaɗar ke kamawa, da burushin waya na tagulla har ya yi haske. A shafa ɗan man girafait na haɗin lantarki, kamar ƙwayar gero, aikinsa hana ruwa da iska shiga. In za a mayar da tsohuwar, a matse ta da filaya tukuna. Abin da ya fi shi ne a sauya ta da matsewa mai noti, wadda ke damƙe gindin dogo ta gefe biyu. A duba girman dogon kafin a saya: mai lamba 332 da mai lamba 250 tsayinsu ba ɗaya ba ne. Kuma in an ɗaure layin duka da matsewa, a bar shi ya kwanta a kan tsakuwa yadda zai iya motsi a kwana. In an kafe shi ko'ina, zafi zai lanƙwasa shi.

Dogon layi kuma yana son ƙarin wayoyin ciyarwa, musamman in dogon na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, don ya fi tagulla turjiya nesa ba kusa ba. Kaurin wayar ma abin dubawa ne. Tazarar mita 10, zuwa da dawowa mita 20 ke nan. A amfiya 3, waya mai kaurin murabba'in milimita 0.75 za ta cinye wajen bolt 1.4. Mai kaurin 2.5 ba za ta kai rabin bolt ba. A tabbata jar waya tana zuwa ƙarfe ɗaya a ko'ina.

Sanfefa kuma, don Allah a ajiye ta. Tana barin ƙananan karce a saman dogo, datti ya samu wurin zama. Dutsen goge dogo mai laushi ya isa.

In layin ya ci jarrabawa da lodi amma jirgin bai daina ba, sai a juyo kansa. A kwantar da shi a kan soso. A goge tayoyin da auduga da sifirit na goge kayan lantarki. A danna takalman nan biyu, su dawo da kansu. Wanda ya maƙale ko ya huje, a sauya. A buɗe murfin ƙasa a duba kabon: in ya cinye, ko sifirin ɗinsa ya yi laushi saboda zafin wata haɗuwar wuta da aka yi a baya, wannan tayar ba ta ɗaukar komai. A gwada taya ɗaya-ɗaya da wayoyi biyu daga taransifoma a ƙaramar wuta. Taya mai zoben roba ba a dogara da ita wajen ɗaukar wuta.

Tunda an buɗe, giya tana son giris wanda ba ya cin roba, ɗan kaɗan a haƙora, da ɗigon mai guda a kowane bakin gatari. Man feshi na kwance tsatsa bai dace da nan ba. Kuma ku ɗauki hoto kafin ku ɗaga gatari. A jirgi mai sandunan gefe, in gatari ɗaya ya koma da kuskuren haƙori guda, sandunan za su riƙa cijewa a kowane juyi, giyar ta cinye. A juya da hannu a ji santsi kafin a rufe.

Game da kafasita, 'yar na'urar da ke ajiye wuta kaɗan, da mutane ke tambaya: e, tana taimaka wa jirgin dijital ya tsallake datti ko tsakiyar canjin layi na 'yan daƙiƙu. Amma ba ta gyara mahaɗar da ke cin bolt 6, ɓoye ta kawai za ta yi na ɗan lokaci. Wanda ya gaji da harkar wutar dogo baki ɗaya yana iya komawa batir, misali na litiyam mai bolt 14.8 da na'urar sarrafawa ta rediyo, da sharaɗin a raba injin da tayoyi da takalma gaba ɗaya, a kuma sa fis.

Ga jirginmu na ɗazu. Mahaɗa ɗaya aka sauya, ta ƙarfen waje, ba a taɓa injin ba. Mun rage wutar sosai don ku gani da kyau. Ga shi ya iso wurin. Ku kalli fitilar.