Sharhi: Hatsin rahusa da aljihun talaka

Jama'a masu saurarenmu a Maraɗi da kewaye, barkanmu da war haka.

Duk shekara idan damana ta kankama, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, gwamnati kan fito da cimaka daga rumbunan OPVN, ma'aikatar ajiyar cimaka ta ƙasar Nijar, ta sayar da rahusa. An daɗe ana sayar da buhu mai kilo 100 a jika 13, alhali a kasuwa yakan ninka haka. Taimako ne na gaske, ba mai musu. To amma wa yake kaiwa gare shi?

Rahusa dai sai mai kuɗi a hannu. Magidancin da ya bar gonarsa ya tafi barema gonar wani don ya samo tiya guda ta tuwon dare, ina zai ga jika 13 a watan Yuli? Ko an ce a saya tiya-tiya, sai ya bar aikin yini ya taka daga ƙauye zuwa wurin sayarwa, ya bi layi, wataƙila hatsin ya ƙare kafin a zo kansa. A wasu ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa kuwa, tsoron ƴan bindiga ma kan hana mutum kama hanya.

Mun ga haka a 2005. Hatsi na nan a kasuwannin Maraɗi, amma yara na ta cika cibiyoyin tamowa, domin iyayensu ba su da abin saye. Da rahusa aka fara, sai da abu ya ɓaci aka koma rabon kyauta.

Rabon kyautar ma da nasa ƙalubale. Sunan maigida aka fi rubutawa, alhali sau da yawa ya tafi cin rani, uwargida ce ke ciyar da yara da ɗan abin gamanarta. Ga gwauruwa mai marayu, ga dattijon da kunya ba za ta bari ya ce babu a gaban jama'a ba. Waɗannan sai an bi su gida.

Kiranmu ga hukumomin garuruwa da masu unguwanni: a kai hatsin ƙauyuka tun kafin shuka, a sayar tiya-tiya, a karanta sunayen masu samun kyauta a bainar jama'a, da mata a cikin kwamitin tantancewa.