Gurnanin Jita: Lacca Kan Kiɗan Rok Da Yadda Ake Koyonsa

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abubuwa huɗu na shirya: labarai, sai ita kanta jitar, sai yadda ake horar da hannu, na huɗu kuma kurakuran 'yan koyo.

Labarai tukuna, a gurguje. Shekarar 2025 ta zama shekarar dawowa da bankwana. 'Yan'uwan nan biyu na ƙungiyar Oasis, Noel da Liam Gallagher, da suka ɓata tun 2009, sun sake hawa dandali tare a birnin Cardiff ranar 4 ga Yuli. Washegari, 5 ga wata, ƙungiyar Black Sabbath ta yi wasanta na ƙarshe a filin Villa Park da ke Birmingham, garin da aka haife ta. Mawaƙin ƙungiyar, Ozzy Osbourne, a zaune ya yi waƙa saboda rashin lafiya, kuma kwana 17 bayan nan ya rasu yana da shekara 76. Ku riƙe mini sunan ƙungiyar nan, zan dawo kanta.

Na biyu, jita. Ga ta a hannuna. Ban haɗa ta da wuta ba, ku saurara. (ya kaɗa) Kun ji? Kamar sauro. Katako ne tsagwaronsa, ba shi da ƙoƙon da zai ɗaga sauti. Sirrin yana nan ƙarƙashin tsirkiyoyi: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai 'yar wuta ta haihu a cikin wayar, ta bi igiya zuwa amfilifaya, shi kuma ya kumbura ta. Leo Fender da ya fito da jitar Stratocaster a 1954 gyaran rediyo ne sana'arsa ta asali, bai ma iya kaɗa jita ba. Kamfanin Gibson kuwa ya fitar da jitar Les Paul a 1952. Har gobe su biyun nan ake kwaikwaya.

To amma abin da ya fi ɗaukar raina shi ne wannan. (ya murɗa amfilifaya, ya kaɗa) Wannan gurnanin! Injiniyoyin farko ba sa son sa ko kaɗan. A wurinsu aibi ne, alama ce ta na'ura ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Idan ka tura wa amfilifaya wutar da ba zai iya ɗauka ba, sai ya sare kan igiyar sautin sama da ƙasa, muryar ta dishe, ta yi kaushi. Makaɗan rok suka ji wannan dishewar suka ce ai ita muke nema.

Ku bi ni. A 1951 ƙungiyar Ike Turner ta je birnin Memphis a Amurka ɗaukar faifai a wurin Sam Phillips, mai ɗakin ɗaukar sauti. Amfilifayar mai jitarsu, Willie Kizart, ta lalace a hanya. Aka cusa takarda a cikin lasifikar, aka ɗauka a haka, kuma kaushin ya fito a faifan. Wannan tsautsayi ne. A 1958 sai ga Link Wray, shi da gangan ya ɗauki fensir ya huhhuda lasifikarsa. Kiɗan da ya yi, "Rumble", babu kalma ko ɗaya a cikinsa, amma wasu gidajen rediyo a Amurka suka ƙi sa shi don tsoron zai tunzura matasa. Kiɗa fa ba waƙa! Ku duba irin ƙarfin da suka ji a cikin sautin kawai. Sai 1964 a Ingila, wani yaro ɗan shekara 17, Dave Davies na ƙungiyar Kinks, ya sa reza ya tsaga lasifikar ƙaramin amfilifayarsa. Fensir, reza, takarda. Na ga wani a layin gaba yana murmushi. Ɗana, kada ka koma gida ka tsaga lasifikar babanka ka ce ni na aike ka. (dariya) Yanzu ɗan akwati ake sayarwa da ake takawa da ƙafa, shi ke fitar da gurnanin. Tun 1962 aka fara sayar da irinsa, amma sai da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya yi amfani da shi a 1965 kasuwarsa ta buɗe.

Me ya sa nake nanata wannan? Saboda gurnanin nan shi ya canza yadda ake kama jita gaba ɗaya. Idan ka danna sautuka da yawa a tare, irin kamun da ake koya wa mai jitar ƙoƙo, ka wuce da su ta cikin gurnani, sai su yi ta faɗa da juna, abin ya cakuɗe. Ku ji. (ya kaɗa) Ba daɗi. Amma sauti biyu kacal, su kam sun jitu. Ɗan manuni a tsirkiya ta 6, mafi kauri, a gaɓa ta 5, wato tazara ta 5 cikin waɗanda ƙarafan wuyan jita suka raba. Yatsan zobe a tsirkiya ta 5, gaɓa ta 7. Ta farko tana girgiza sau 110 a daƙiƙa, ta biyun kusan sau 165. Wato duk lokacin da ta farko ta yi biyu, ta biyun ta yi uku. Lissafin mai sauƙi ne, shi ya sa idan amfilifaya ya cuɗa su, sautin da yake haifarwa yana sauka a 55, daidai rabin 110, ya zame musu gindi maimakon ya ɓata su. Kunne sai ya ji kamar jita ta ƙara kauri. Masu abin suna ce masa pawa kod. Yatsa biyu! Ba ka canza siffar hannu, jan shi kawai kake yi sama da ƙasa a wuyan jita. Wallahi duk lokacin da na koya wa wani wannan kamun a ranarsa ta farko, na ga fuskarsa ta washe, sai in ji kamar ni ma yau na fara. Yatsa biyu, in sake faɗa, kuma waƙoƙin rok masu yawan gaske a kansu suke tsaye.

Na uku... a'a, tsaya, akwai abin da ya rage a nan. Gurnani ba ya ɓoye kuskure, tona shi yake yi. Tsirkiyoyi huɗun da ba ka kaɗa ba, idan ka bar su a sake, za su yi ta kuka da kansu. Don haka rabin aikin mai jitar rok kashe sauti ne. Cikin ɗan manuni ya kwanta a hankali kan ƙananan tsirkiyoyi. Gefen tafin hannun dama ya ɗan zauna a gindinsu, kusa da inda aka ɗaure su, sai ka sami wannan dum-dum-dum ɗin. (ya kaɗa) Ɗan koyo idonsa kullum yana kan hannun hagu, alhali hannun dama ne ke tuƙa motar.

Lokaci ya tafi, an ɗago mini takarda. To na uku da na huɗu, a dunƙule. Saita tsirkiya kafin ka taɓa komai, kullum. Akwai manhaja a waya mai yin wannan. Minti 20 kowace rana ya fi awa uku ranar hutu. Kunna na'urar ƙidayar bugu, ka fara a hankali har ka ji haushin jinkirin, sannan ka ƙara. Ka koyi ma'aunin nan mai sauti biyar da aka gada daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, shi ne Chuck Berry da Jimi Hendrix suka yi ta yawo a cikinsa. Sannan... na'am, ƙanwata, ga hannunki a sama.

(Wata daga cikin masu sauraro: Malam, ni yatsuna gajeru ne, kuma mako biyu da farawa sai zafi suke yi. Anya hannuna na jita ne?)

Yawwa, kin tuna mini bashin da na ɗauka. Zafin nan na bakin yatsa kowa ya sha shi, cikin 'yan makonni fatar za ta yi kanta ya wuce. In dai a wuyan hannu ne ko gaɓa kike jin ciwo, wannan daban, ki ajiye jitar ki huta, ki duba yadda kike riƙe ta.

Batun gajarta kuwa, na ce ku riƙe Black Sabbath. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar ƙarfe a Birmingham. A ranarsa ta ƙarshe a wurin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da na zobe. Shi kuma bahago ne, wato da hannun daman yake danna tsirkiya. Ya fid da rai. Sai shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan wani gwanin jita, Django Reinhardt, wanda gobara ta nakasa masa yatsu biyu a 1928 amma ya ci gaba da kiɗa. Iommi ya narka robar kwalba, ya ƙera wa yatsun huluna, ya lulluɓe su da fatar tsohuwar rigarsa. Tsirkiyoyin lokacin sun yi masa tauri, sai ya ari sirara na banjo. Daga baya, wajen 1971, ya sassauta su sosai, sautin ya sauka ƙasa, ya yi nauyi, ya yi duhu. Wannan nauyin ne dubban ƙungiyoyi suka bi. Shi ne kuma mutumin da ya tsaya a Villa Park yana da shekara 77, da hulunan nan a yatsunsa.

Ke abin da za ki yi: ki sa a canza miki tsirkiyoyi zuwa sirara, masu lamba 9 ko ma 8. Ki kai ta wurin mai gyara ya sauke tsirkiyoyin su matso kusa da wuyan, don sau da yawa jitar ce ba a saita ba. In kamun ya yi miki faɗi a gaɓa ta 1, ki fara daga ta 7, can gaɓoɓin sun fi matsewa, kuma ki sa ƙaramin yatsa a madadin na zobe. Akwai ma jita mai gajeren wuya, irin Mustang ta Fender da Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana ya so. Kin zo da taki? To kawo ta nan in gani. Jama'a, a ba ta hanya. Wani ya miƙo mini igiyar can.