Wanke Allo Daga Nesa: Goge Abubuwa a Sabar da Ba a Hannunka Take Ba

Assalamu alaikum, jama'a. A ce kina zaune a ofishinki a nan Kano, kina binciken hawan jini ga masu juna biyu. Bayanan da kike buƙata suna asibitoci uku: ɗaya a nan cikin gari, ɗaya a Zariya, ɗaya a Sakkwato. Babu asibitin da zai kwashe fayil ɗin marasa lafiyarsa ya miƙa miki, kuma da gaskiyarsu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman.

To yaya za a yi? Sai a bar bayanan a inda suke, a aika musu lissafin. Kamar dillali ne a kasuwar Dawanau: buhunan gero suna cikin sito, shi dai ya tambayi adadi da nauyi a faɗa masa. Wannan shi ne aikin DataSHIELD, manhajar da aka gina a kan harshen lissafi na R, wadda Farfesa Paul Burton na Ingila da abokan aikinsa suka gabatar a 2010. Kowane asibiti yana da sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanansa, galibi mai amfani da manhajar Opal ko Armadillo. Ke umarni kawai kike aikawa, jimla ce take dawo miki. Idan ma mutanen da ke wani rukuni ba su kai uku ba, a tsarin da manhajar ke zuwa da shi, ba za ta ba ki amsa ba, don kada a gane ko su waye.

Ga inda zancenmu yake. Umarnin iri biyu ne. Akwai mai dawo da amsa, akwai mai ƙirƙirar sabon abu a can ya bar shi. Kin ce a ware matan da suka haura shekara 35, an ware, an sa wa rukunin suna. Wannan rukuni yana zaune a ƙwaƙwalwar sabar asibitin, idonki bai taɓa ganin cikinsa ba. Kafin la'asar kin tara irinsa ashirin.

Ki rubuta ds.ls, za ki ga sunayensu sabar bayan sabar. Ki rubuta ds.rm da sunan wanda kin gama da shi, sai a goge. Idan ba ki fayyace wace sabar ba, duk waɗanda kike haɗe da su ne za su karɓi umarnin.

Masu fara koyo kan tsorata a nan, wai kada su goge bayanan asibiti. Ku kwantar da hankali. Allo kika wanke, littafin malam yana nan a jakarsa. Abin da ds.rm ke taɓawa shi ne kwafin aikin wannan zaman da kika buɗe a sabar, ainihin teburin bayanan kuwa yana hannun mai kula da bayanan asibitin. Haka nan in mara lafiya ya nemi a cire sunansa daga rumbu, wannan aikin asibiti ne, ba naki ba.

Cikar ƙwaƙwalwa dalili ne na gogewa, amma ni ba shi ya fi damuna ba. Tsohon abu mai sanye da sunan sabo shi ne mugun. Kin gyara sharaɗi daga shekara 35 zuwa 40, kin sake aikawa da suna iri ɗaya. Kano da Zariya sun karɓa, ta Sakkwato ta ƙi saboda wani kuskure da ba ki lura da shi ba. Tsohon rukunin yana nan daram da sunansa. Lissafi zai fito sumul, alhali an cuɗa 35 da 40. Da kin goge kafin ki sake ƙirƙira, da mataki na gaba ya tsaya cak ya ce babu wannan abu, kin ga an kama ɓarawon tun a ƙofa.

Saboda haka bayan kowane gogewa, ki karanta saƙon da kowace sabar ta dawo da shi, ki sake duba ds.ls. Yadda intanet ke yi mana a garin nan, umarni kan isa wuri biyu ya maƙale a na uku.

Idan kin fita da datashield.logout, zaman ya rufe, allon duka ya wanku, sai fa in kin nemi a adana miki wurin aikin. Wanda kika adana yana can a sabar mutane har sai an goge shi daban. Kuma gogewa ba ta share sawu: masu sabar suna iya ajiye tarihin umarnin da kika aika, har da na gogewar kanta.