Miliyan huɗu a wata? Ku zo mu duba takardar albashin tare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, musamman mutanena na Kaduna, Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Sanusi, duk ina gaisuwa. Yanzun nan na shigo daga aikin dare, ko rigar sanyi ban cire ba, ga shayi can na ɗora. Ƙarfe takwas ta wuce a nan Bradford ta ƙasar Birtaniya amma ku dubi taga, gari bai gama wayewa ba, haka Disamba take a ƙasar nan, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma duhu ya sake rufawa.

Abin da ya sa na kunna kyamara ban kwanta ba, saƙon murya ne da ƙanin wani abokina ya turo min daren jiya ina wajen aiki. Yaron kirki ne wallahi, keke napep yake ja daga Kasuwar Bacci zuwa cikin gari, kuma keken nasa ne ba na haya ba. Ya ce min, Yaya an ce ku can miliyan huɗu kuke ɗauka duk wata, ni na yanke shawara zan sayar da keken da filin da Baba ya bar mana a Rigasa in ba wani ejan ya yi min hanya. Tun da na ji maganar nan hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ce bari in ɗauko takardar albashi mu bi ta layi layi, duk mai irin tunaninsa ya gani da idonsa.

Toh miliyan huɗun nan ba ƙarya aka yi masa ba, a nan matsalar take. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Birtaniya a watan Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ɗaya ga wanda ya kai shekara 21. Mu masu aikin kula da tsofaffi yawancinmu a nan kusa muke, ko a ɗan ɗara kaɗan. In ka yi awa 40 a sati, a wata zai kama wajen fam 2,100. Ka buga shi da canjin 2025, fam ɗaya wajen naira dubu biyu, ai ka ga miliyan huɗu da ɗoriya. Wanda ke zaune a jihar da mafi ƙarancin albashi naira 72,000 ne, kamar yadda Gwamna Uba Sani ya amince a 2024, dole kansa ya ɗau zafi in ya ji wannan adadin. Ni ma haka na buga lissafin nan a waya a 2023, ina zaune a benci ƙofar gidanmu, na buga na sake bugawa.

Amma ga takardar, bari in matso da ita, na rufe sunan wajen aikin da yatsa. Layin farko haraji. Fam 12,570 na farko a shekara ba a taɓa maka shi, duk abin da ya hau kai gwamnati na ɗaukar kashi 20 cikin ɗari, a wata ya kama fam ɗari biyu da 'yan kai. Layi na biyu inshorar ƙasa, kashi 8, wajen fam 85. Na uku fansho. Duk waɗannan tun kafin kuɗin su shigo asusunka an zare su, ba ka ma ganinsu balle ka ce za ka roƙi a ɗaga maka ƙafa. Abin da ke faɗowa banki bai cika fam 1,750 ba.

Sai haya. Nan ne nake so ku tsaya ku saurara da kyau, don mu a Kaduna mun saba shekara shekara ake biyan kuɗin gida, in lokaci ya yi ba ka haɗa ba ka ɗauki dattijo ɗaya ku je wajen mai gida a ba shi haƙuri, ya ce ba komai Allah ya hore. A nan duk wata ne, ranar da aka sa ranar banki zai cire, mai gidan ma ni ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ɗakin nan da kuke gani, bari in juya kyamarar, ga gado, ga durowa, ga inda nake shimfiɗa sallaya tsakanin gadon da ƙofa, in na yi sujada ƙafata na taɓa ƙofar, fam 550 nake biya. Mu biyar ne a gidan, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Kuma Bradford na cikin garuruwa masu sauƙi, a Landan wannan kuɗin ba zai ba ka irin ɗakin nan ba. Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari kenan fa duk wata a kan ɗaki ɗaya, in dai da canji za mu yi ta lissafin to a yi shi ta kowane ɓangare.

Kuɗin bas zuwa aiki wajen fam 90, waya da intanet wajen 30. Abinci kuwa, ga ledar da na tsaya na sayo jiya, doya ƙwaya ɗaya ce wannan, a shagon 'yan Afirka fam 6 na biya, ga attaruhu ɗan wannan da mai kayan miya a Kasuwar Bacci zai ƙara miki gyara, shi ma sai da aka ɗora shi a sikeli. Alhamdulillahi naman halal ba ya wahala a garin nan saboda Musulmi 'yan asalin Pakistan suna da yawa, masallatai ma ko'ina. In na matse sosai, ina dafawa da kaina ba na cin na waje, fam 250 na kai ni ƙarshen wata.

Idan ka tattara, abin da ke saura a hannuna wajen fam 800 ne a watan da ba abin da ya taso. A ciki nake tura na cefanen gida da kuɗin makarantar yara biyu, da maganin hawan jinin Hajiya, a ciki nake biyan bashin da na ci na taho, wanda sai bana na kusa gamawa. Ba na raina shi, Allah ya gani, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kaya suka tashi, kuma abin da nake turawa yana riƙe gida fiye da albashin da nake ɗauka a Kaduna. Gaskiya ce wannan ba zan ɓoye ta don in hana wani tahowa ba.

Amma ku tambaye ni me ya sa har yau iyalina na Tudun Wada. Na zauna na yi lissafin kawo su ya fi sau goma. Gida mai ɗaki biyu sai na ba da kusan rabin abin da ke shigo min, sannan harajin ƙaramar hukuma da ake biya a kan kowane gida ya dawo wuyana ni kaɗai, ga gas da wuta, wanda lokacin sanyi ba zancen a kashe hita yara na ciki. Bizarmu kuma a rubuce yake ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati. Sannan wa zai riƙe yaran in ni da uwarsu mun fita aiki? A gida wannan tambayar ba ta ma tasowa, yaro ya taso makaranta ya shige ɗakin kakarsa, ko maƙwabciya ta zuba masa abinci tare da nata, ba wanda ya taɓa kawo takardar biya. A nan renon yaro da awa ake biyansa. Sai da na zo ƙasar nan na gane cewa Hajiya da ƙannena da maƙwabtanmu wani albashi ne nake ci shekara da shekaru ban taɓa sa shi a lissafi ba.

Akwai watan Janairun da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar a ɗakin nan. Asibiti ban biya ko sisi ba, wannan kam sun yi ƙoƙari, amma ruwan zafi ma ni na rarrafa na dafa, kuma ƙarshen wata albashin ya zo a gutsure saboda kwanakin da ban je ba, haya kuwa cif aka cire.

Yanzu kai ƙanina, da kai nake, kuma na san za ka kalli bidiyon nan. Hanyar aikin kula da ejan ɗin ke maka maganarta a rufe take. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu aikin kula su taho da iyali, sannan a watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta daina ba da bizar ɗauko masu aikin kula daga ƙasashen waje gaba ɗaya. Duk wanda ya ce maka kawo miliyoyi zai samo maka takardar wannan aikin, dan Allah ka riƙe kuɗinka. Bizar ƙwararru ta gama-gari kuma yanzu sai aikin da albashinsa ya kai fam 41,700 a shekara, ban da wasu ayyuka irin na nas da likita da ke da nasu tsarin. Ko mu da muka riga muka shigo, bizar a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinka, in aka ƙwace lasisinsu yawanci kwana 60 ake ba ka ka nemi wani ko ka tattara. Na ga magidanci da idona yana kuka a harabar masallaci bayan Juma'a a kan wannan, shi ma gida ya sayar ya taho.

Kekenka kullum yana kawo maka wani abu, ka kwana a ɗakinka, ka ci tuwon mahaifiyarka, filin nan kuma ba naka ba ne kai kaɗai, akwai haƙƙin ƙannenka mata a ciki. In fitar kake so da gaske ban hana ka ba, amma ka koma ka ƙarasa karatun lafiyar da ka ajiye, ka samu takarda a hannu, sai mu zauna mu duba hanyar da take a buɗe, kuma duk ƙasar da aka ambata maka ka fara tambayar nawa ne hayar ɗaki a wata da nawa ake cirewa, kafin ka tambayi albashi.

Shayin nan ya huce, bari in sha in ɗan runtsa, ƙarfe bakwai na yamma zan sake fita. In na tashi azahar zan kira yayanka mu yi magana mu uku, kar ka sa hannu a takardar filin nan kafin lokacin. A gaida min su Hajiya.