Allurar da Ke Tsere da Agogo

Auwalu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Agege. Yau muna da baƙuwa, Hajiya Rabi, mai harhaɗa magunguna a sashen magungunan nukiliya. Ga kuma Nafisa, ma'aikaciyar jinyarmu, kamar kullum. Hajiya, sannu da hanya.

Hajiya Rabi: Yawwa, sannunku. Gosulon Oshodi ya so ya riƙe ni, amma Allah ya kawo ni.

Auwalu: Hajiya, da an ce nukiliya, hankalin mutum sai ya tafi ga bam. Me ya kawo ta asibiti?

Hajiya Rabi: Wasu magunguna ne da ke fitar da wani haske da ido ba ya gani. A yi wa mutum allura, maganin ya tafi inda aka aike shi, ƙashi ne, zuciya ce ko ƙoda, sai kyamara ta musamman ta kama hasken, likita ya ga yadda wurin ke aiki. Wanda muka fi amfani da shi sunansa teknishiyam-99m. Halinsa ɗaya ne: kowace awa 6 ƙarfinsa yana raguwa da rabi. Na auna allurar hoton ƙashi mai ƙarfin 740 da ƙarfe 8 na safe, ƙarfe 2 na rana ta koma 370. Ba wanda ya taɓa ta.

Nafisa: Anti, to daga ina yake zuwa, tunda ba ya ajiyuwa?

Hajiya Rabi: Uwarsa ake kawowa, molibdenam-99, wadda ke rikiɗewa a hankali ta zama shi, kuma ita sai ta yi awa 66 kafin ta ragu da rabi. Tana zuwa daga ƙasashen waje ta jirgin sama, cikin wani tulun dalma mai nauyi. Masu aikin suna kiran tulun saniya, domin kowace safiya tatsarsa ake yi. Ruwan da ka tatsa sai ka zuba a 'yar kwalbar garin da ya dace. Da garin MDP ya zama na ƙashi, da sestamibi ya zama na zuciya. Kuma ga inda gizo ke saƙar: dukansu ruwa ne fari tas, ba ka bambance su da ido.

Auwalu: Ai sai a karanta takardar da ke jikin kwalbar.

Hajiya Rabi: Malam Auwalu, kwalbar tana cikin garkuwar dalma, sirinjin ma a cikin tasa garkuwar. Abin da kake gani ta 'yar tagar gilashi kaɗan ne. Kuma ƙa'idar aikinmu ita ce kada ka daɗe kusa da shi, kada ka matso da shi fuskarka. Mai sayar da magani a kemis zai iya juya kwali sau uku yana dubawa. Ni kowace daƙiƙa da na ƙara, yatsuna ne ke sha. Shi ya sa nake son lambar da na'ura ke karantawa, a manna ɗaya a sirinji, ɗaya a garkuwa. Ka nuna na'ura, ta yi ƙara, ka janye hannunka.

Nafisa: Irin zanen nan da ake dubawa a wurin biyan kuɗi a manyan kantuna?

Hajiya Rabi: 'Yar'uwarsa. Ta kanti layi-layi ce, lambar kaya kawai take ɗauka. Ta magani 'yar murabba'i ce mai ɗigo-ɗigo, DataMatrix, bisa tsarin GS1, ƙungiyar duniya da ke tsara irin waɗannan lambobin. Tana ɗaukar lambar magani, lambar rukunin da aka yi shi, ranar lalacewa, da lambar da ta keɓanta ga kwali ɗaya tak. Ita ce NAFDAC ta ɗauka don bin sawun magani daga masana'anta zuwa majinyaci. A nan Legas ma aka yi babban taron GS1 na Afirka kan wannan a 2019.

Auwalu: Ni wadda na sani ita ce ta kankarewa, ka tura lamba ta waya a gaya maka ko maganin na gaske ne.

Hajiya Rabi: Wannan tun 2010 aka fara ta, kuma ta yi amfani wajen jabu. Amma matsalarmu daban ce. Allurata ba daga masana'anta ta fito a shirye ba, ni na haɗa ta da asuba, don mutum ɗaya, don sa'a ɗaya. Ranar lalacewa ba ta ishe ni ba, ina son awa da minti. Ina son lambar ta faɗi wane magani ne, ƙarfinsa nawa, ƙarfe nawa aka auna, daga wace tatsa ya fito, kuma na wane ne. A Amurka, dokar bin sawun magunguna ta 2013 ta cire magungunan nukiliya daga cikinta. Wato ko a can, asibiti da ɗakin harhaɗawa ne ke ɗinka wannan rigar da kansu.

Nafisa: Maganar "na wane ne" ɗin nan ita ta fi taɓa ni. Na taɓa aiki a wani wuri, a safiya ɗaya muka samu mata biyu, suna ɗaya, sunan uba ɗaya. Aka kira suna, wadda ba ita ba ta miƙe. Sai da na sake tambayar ranar haihuwa na gane. Wallahi Anti, jikina ya yi sanyi har yamma.

Hajiya Rabi: Allah ya kiyaye, 'yata. A wurinmu abin da ya shiga jijiya ba ya dawowa. Da sauƙi in na hoto ne: mutum ya sha hasken da bai buƙata ba, a jira ya fita, a sake masa rana, alhali wataƙila daga Mile 12 ya taso tun kafin sallar asuba. Amma aidin-131 fa, da ake ba masu ciwon ƙullin maƙogwaro? Shi kwana 8 yake yi kafin ya ragu da rabi, kuma aikinsa kashe ƙwayoyin wurin ne. A ba wanda bai kamata ba, ko mace mai ciki, an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Shi ya sa nake son a ce akwai abin ɗaurawa a hannun majinyaci mai tasa lambar, a duba hannu, a duba sirinji, in ba su dace ba kwamfuta ta ƙi.

Auwalu: Bari in yi tambayar da masu sauraro za su yi. Wuta ta ɗauke, intanet ya tsaya, sai yaya?

Hajiya Rabi: Tambaya ce mai kyau, kuma ba na yarda da duk tsarin da bai amsa ta ba. Dole rubutun da ido ke karantawa ya zauna kusa da lambar, manya-manya. Dole kwamfutar ɗakin ta yi aiki ba tare da intanet ba, da batirinta. Littafin rajista kuma yana nan, tunda hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya tana son sanin abin da ya shigo, abin da aka yi amfani da shi, da sharar da aka ajiye har ta huce. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba wutar ba ce. Wani ne zai buga lambobi goma a takarda ya ajiye a tebur, yana duba takardar maimakon hannun majinyaci don ya yi sauri.

Nafisa: To majinyaci fa, me zai yi daga nasa ɓangaren?

Hajiya Rabi: Ya faɗi cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da bakinsa, kada ya tsaya a "na'am". Ya tambaya, wannan allurar ta hoton me ce? Mace ta faɗa in tana da ciki ko tana shayarwa, kunya ba ta da wuri a nan. Kuma ya zo a kan lokaci. Na wani irin hoton da ake kira PET ma, fulorin-18, minti 110 kacal ne rabinsa ya tafi. Gosulo ɗaya a gadar Third Mainland ya isa ya cinye shi.

Auwalu: Hajiya, mun gode ƙwarai. Na ga kina duba agogo.

Hajiya Rabi: Gobe ƙarfe 6 zan tatsi saniya, mutum na farko ƙarfe 8 aka ba shi. Gara in kama hanya kafin Oshodi ta sake cika.